Ɗiyar da ake kira "Ke"

Safiatou maƙwabciyata ce a unguwar Bobiel, katanga ɗaya ta raba mu. A wani ƙauyen Tahoua aka haife ta, can aka yi mata aure da Yacouba, ya kawo ta Yamai inda yake tuƙa taksi. Kullum da safe takan je Gamkalley ta sayo zogale, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta sayar a bakin titi. Ba ta gulma, ba ta aron turmi ta riƙe. Abu ɗaya ne ya haɗa ni faɗa da ita: ɗiyarta ta fari, Iklima.

Safiatou ba ta faɗin sunan yarinyar. Kunyar ɗan fari, in ji ta. Ƙannen kuwa, Faruk da Nazifi, sunansu har ya gaji da fitowa daga bakinta, ta goya su, ta yi musu rawa. Iklima sai "ke". Ke, ɗebo ruwa. Ke, kama ƙanenki.

Na san al'adar, ni ma a cikinta na tashi. Amma a ƙauye ɗan fari yana da kaka. Ita ke ɗauke shi, ta sa masa laƙabi, ta ɓoye masa ƙanzo, ta zagi duk wanda ya harare shi. Safiatou ta ɗauko kunyar ta taho da ita Yamai, ta baro kakar a Tahoua. Na gaya mata haka a fili. Ta ce, "Yaya, uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban mutu ba." Na ce yara ba don kada su mutu kaɗai ake renon su ba.

Iklima tana da shekara tara ta ciji wata yarinya a lakwal, wato makaranta. Yarinyar ce ta ce mata a gaban ƴan aji, "Uwarki ma ba ta san sunanki ba." Aka kira Safiatou, ta roƙe ni in raka ta saboda Faransanci. Darakta ya dubi takardunsa ya ce, "Madam, mi ne sunan ɗiyarki?" Safiatou ta ja mayafi ta rufe baki, ta nuna da haɓa ta ce, "Ita ce wannan." Iklima na tsaye tana kallonta. Ni na faɗi sunan, ban kuwa ji daɗin faɗa ba.

Daga ranar yarinya ta daina amsa "ke". Ba ta yi rashin kunya ba. Tana shara, tana wanke-wanke, amma in an ce "ke" sai ta waiga ta duba ko akwai wata a bayanta. Dariyarta ma ta ɗauke. Yacouba ya ce a kai ta likita a duba kunne. Na ce masa kunnenta lafiya lau, bakin gidan ne ke da ciwo.

Safiatou ta shigo wurina wata rana da hantsi, ta zauna kan tabarma.

"Yaya, yarinyar nan ta ce wai ba na son ta."

"To, kina son ta?"

"Subhanallahi! Wa nake tara wa kwanoni? Wa nake zuba wa tsoka a ƙasan tuwo?"

"Ita ta san ke ce kike sawa?"

"Ai ba a faɗa."

"To, zauna kar ki faɗa. Za ta girma ta je ta nemi mai faɗa a titi."

Ta tashi ba sallama.

Da la'asar ina shanya, na ji ta ta katanga. Ta yi gyaran murya kamar mai shirin kiran salla. Na leƙa, ba na ɓoyewa. Iklima na shara, uwar ta juya mata baya, ta fuskanci tukunya, ta ce, "Akilima, zo ki ci."

Tsintsiya ta tsaya. Yarinyar ta matso har gefen murhu.

"Inna, ba Akilima ba ne. Iklima."

"To, na ji."

"Ki faɗa."

Safiatou ta dubi tukunyar, ta dubi ƙofa ko wani na zuwa. Sannan ta faɗa daidai. Iklima ta ɗauki kwanonta, ta zauna jikin ƙafar uwar tana ci.