Sufanar da Ba Ta Komawa Baya

Da muka fito daga wajen likitan ido, autana ya ce mu ratsa ta rumfar masu kayan ƙarfe. Ya gyara ƙofar gida ya mai da ita garejin motarsa, yana neman sufanu irin waɗanda ba sai an zare su daga kan noti ba, a ja a mayar kawai. Ya ɗauki ɗaya ya kai kunne, yana juya bakinta da yatsa. Kas-kas-kas. Sai da na nemi benci na zauna.

Bari in gaya muku inda na san wannan ƙarar.

A wani ƙauye kusa da Abu Hujar na tashi. Mahaifina yana da lambu a bakin kogi, albasa da kuɓewa da 'yan itatuwan lemo, kuma da shi muke ci. Injin ban ruwa, wanda mu a nan muke ce wa babur, yana zaune a ƙasan gaɓa, an ɗaure shi da notuna a kan katakai. Duk shekara idan ruwa ya fara ƙaruwa ya yi jawur, yana kawo kumfa da ɓaraguzan itace, sai maza su kwance injin su jawo shi tudu kafin kogi ya iso. Kafin a taɓa ƙarfe, Kaka takan sauka ta zuba wa ruwa ɗan nono da dunƙulen tuwo. Kuma aikin a shiru ake yinsa. Ba waƙa, ba buga ƙarfe, balle da tsakar rana, lokacin da mutanen ruwa suke kusa da gaɓa.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya yi aiki a Rusairis lokacin da ake gina hazzan, wato madatsar ruwa. Daga can ya dawo da wata sufana mai zobe, a naɗe cikin tsumma mai warin baƙin mai. Gefe ɗaya take kamawa. In kana son ɗaurewa maimakon kwancewa, sai ka zare ta ka kifa. Da yamma yakan zauna bakin zaure yana juya mana ita, mu yara muna dariya. Kaka ce kaɗai ba ta dariya.

"Ƙarhen da ka magana, mutanen ruwa shi ka kira," ta ce masa. "Kak ka kai shi bakin ruwa."

Ya ce, "Inna, muftahi ne kawai, na kwance noti."

A shekarar ruwa ya yi sammako. Aka kwana kogi yana nesa, aka wayi gari yana lasar katakan injin. Kaka tana kwance da zazzaɓi, ba wanda ya tuna da nono. Ni aka aika da abinci, na iso rana tana tsaka. Na tsaya a saman gaɓa da kwano a ka. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Abin da kawai ke tashi daga ƙasa shi ne kas-kas-kas.

Sauran notin ƙarshe, wanda ke can ƙarƙashin ƙarfen injin, inda hannu ke shiga da ƙyar. Baffa yana kwance a laka yana kwancewa. Notin yana hawa, yana tura sufanar sama, har ta matse da ƙarfen. Ba ta fita, ba a iya kifa ta, kuma ba ta san komawa baya ba. Notin bai gama fita ba, injin bai saku ba.

Mahaifina ya ce ya bari ya fito. Baffa ya ce in injin ya tafi, me yara za su ci? Ya ce a kawo guduma. Mahaifina ya hau ɗaukowa. Yana isowa kusa da ni, gaɓar ta zame. Ba ta yi wata babbar ƙara ba. Kamar an ajiye buhu ne. Da muka leƙa, jan ruwa ne kawai yake juyawa a wurin.

An bi kogi da kwalekwale har aka gaji, ba a sami Baffa ba.

Bayan haka, duk wanda ya bi ta lambunmu da tsakar rana sai ya dawo da magana ɗaya. Ni ma na ji, ba sau ɗaya ba. A hankali ƙarar sufanar take fitowa, daga ƙarƙashin ruwa, kamar mutumin da bai gama aikinsa ba. Mahaifiyata ta ce ƙwaro ne. Amma ita ma ta daina aike na da rana.

Da ruwa ya janye, injin ya bayyana rabinsa a cikin laka, duk ya yi tsatsa. Mahaifina ya tona ƙarƙashinsa da hannu. Notin ƙarshe a kwance yake tsaf, an ajiye shi a kan katako, sufanar kuma tana gefensa, ko ɗigon tsatsa babu. Bai kawo ta gida ba. Kaka ta sauka da ƙwaryar nono da kanta, ta sa ya mayar wa kogi abinsa. Tun ranar ba a ƙara jin komai ba.

Yanzu injuna kan tudu suke zama, dogon bututu ke sauka ruwa, ba mai zuba nono. Ni ma na shiga ajin manya na koyi karatu, na san ƙarfe ba ya kira.

Autana ya miƙo mini sufanu guda biyu yana dariya. "To Inna, tunda kin tsare su da ido, wacce?"

Mai rumfa ya nuna min ɗaya mai ɗan harshe a wuyanta. "Wannan, Hajja, in ta matse sai a ture nan, ta koma baya."

Na ture harshen da babban yatsa, na ji ta juya.

"Ɗauki wannan," na ce. "Kuma in an kira azahar, ka ajiye ta."