Injin Katako da Idon Baffa

Ranar wata Laraba ce bayan an gama cirar gyaɗa, a shekarar da na cika tara, tun Turawa ba su bar ƙasar nan ba, amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidanmu a Tafashiya ɗauke da wani abu lulluɓe da buhuna. Ina taya mahaifiyata surfe na ji ihun yara, na yar da taɓarya na ruga waje. Sai da ƙarti shida suka kama kafin a sauke shi, suna nishi suna salati. Da aka yaye buhunan sai ga baƙin ƙarfe mai ƙafa huɗu, da ƙaton wili a gefe, da zarto zagayayye kamar faifai. Tsoho ne tukuf, fentinsa duk ya ɓare. Mahaifina, Sani kafinta, ya sayar da gyaɗarsa da bijiminsa ya je Kano ya sayo shi a wata ma'aikatar Turawa da ta sami sabo, mota ta kawo shi Kankia. Baki har kunne yake yi wa mutane bayani, wai abin yana yanka, yana huda, yana goge katako, har ƙafar kujera yana murzawa, kuma da ƙafa ake taka shi irin na keken ɗinki. Sai ya ƙara da cewa, "Mutum guda ya ishe shi." Yayansa, Baffa Idi, yana tsaye a bayan taron, kuma na ga lokacin da maganar ta shige shi.

Ni 'yar fari ce, don haka tun da aka yaye ni aka miƙa ni sashen Baffa da matarsa Inna Mero, su da Allah bai ba haihuwa ba. Mahaifina kunyata yake ji, ko sunana ba ya faɗa, in ya matsu sai ya ce "ke yarinya". Baffa kuwa Dije yake kirana da ƙarfi har maƙwabta su ji. Shi ya sassaƙa mini 'yar kujera da ɗan turmi na wasa, shi ke rage mini fura a ƙasan ƙwarya, shi ke tare mini faɗa in na tsaya gaɗa a dandali na manta da tulun ruwa a bakin rijiya. Inna Mero takan ce ya lalata ni, shi kuma ya ce ai tasa ce.

Sana'arsu ɗaya da mahaifina tun suna samari. A bayan gida akwai rami mai zurfi, su gitta gungumen maɗaci a kansa, su ja dogon zarto mai mariƙi biyu. Mahaifina a sama, Baffa a cikin rami, don ƙafarsa guda ba ta da ƙarfin hawa. Daga wannan katako ake yin ƙyaure da taga da bencin makarantar elemantare. In na kai musu fura da hantsi nakan tarar da Baffa ya yi ja wur da garin katako, gemu da gira har cikin hanci, ba ka ganin komai sai haƙora. Na sama shi ke bin layi, na ƙasa shi ke shan gari, kuma shekara da shekaru garin nan cikin idonsa yake sauka. Ban taɓa jin sun yi musu a kan wa zai shiga rami ba.

Da damina ta wannan shekarar na fara lura ganin Baffa na raguwa. Baffa ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska. Wata rana a gona ya sare dawa yana zaton ciyawa ce. Da ya gane na gani, sai ya kama hannuna ya ce, "Ɗiyata, wanga magana tsakanina da ke ce. Kada kowa shi ji." Na yi alkawari. Amma ni bakina bai taɓa riƙe ruwa ba, har yau ma 'ya'yana sun shaida. Kwana uku kacal na yi na fesa wa mahaifiyata muna tsinkar zogale. Ita ta gaya wa mijinta, ina zaune a bakin ƙofa ina jin sa ya ce, "Ba ni sake barin Yaya shi shiga ramin nan." Wannan ne asalin injin. Sai dai ƙane ba ya duban idon wansa ya ce masa ka gaza, don haka ya yi shiru, ya yi ta shirinsa shi kaɗai har ranar da amalanke ya tsaya.

Injin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Mahaifina ya riƙa sayen katakon Kudu da motoci ke saukewa a Kankia, ya yi ta taka shi a rumfa tun safe, mutane na zuwa kallo har daga Kusada. Baffa ya zama ba shi da abin yi. Kullum yakan zo ya zauna a kan gungume, mahaifina ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Yaya, ka huta." Shi yana nufin alheri, Baffa yana jin kora. Wata azahar da mahaifina ya tafi masallaci na sami Baffa tsaye yana shafa injin da tafin hannu, yana bin haƙoran zarton ɗaya bayan ɗaya. Ya ji motsina ya ce, "Dije, ke da ke shiga ko'ina, mi ubanki ya ce ya sa shi sayen wanga abu? Aikina ne bai gamshe shi ba?" Amsar tana kan harshena. Amma in na faɗa zai san na karya alkawari, ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar Baffa ya daina kirana ɗiyarsa. Na sunkuyar da kai na ce ban sani ba. Sai ya ce, "To, shi ke nan."

Da aka gama shigar da hatsi rumbu, ya ce zai tafi cirani wajen haƙar kuza a ƙasar Jos. Mahaifina ya roƙe shi, liman ya sa baki, amma babu wanda ya ambaci ido, shi kuma bai ambaci inji ba. Ya kai Inna Mero gidansu a ƙauyen Boko, ya riƙo hannuna ya mai da ni sashen mahaifiyata da 'yar ƙullin kayana. Na bi shi ina kuka har bakin gonaki, ya juyo ya ce in koma, da damina yana nan dawowa. Damina biyu ta wuce kafin wani mutumin Kusada ya zo da labarin rasuwarsa. Ya ce a ƙarshe sai an ja masa sanda. Ranar na ga mahaifina, babban mutum, ya kifa kai a bango yana kuka kamar yaro. Washegari ya koma rumfa, domin akwai bakunan da ke jiran abinci.

Yanzu in na bi ta bakin titi a Kankia ina jin injunan lantarki suna ta kururuwa, samari na fitar da gado da kujeru a wuni guda, kuma jikokina ba sa jin nauyin gaya wa kowa abin da ke ransu. Wani lokaci rashin kunyarsu na ba ni haushi, wani lokaci kuma sha'awa suke ba ni. Mu an koya mana kara da kawaici, kuma na ga amfaninsu, amma a gidanmu mutum uku ne suka so juna, kowa ya riƙe bakinsa don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa. Na roƙi gafarar Allah, na roƙi ta mahaifina kafin ya rasu. Baffa ne ya tafi yana zaton ba a bukatarsa, alhali ni na san ba haka ba ne.