Baba Mai Dutse da Gudumarsa a Layin Kafintoci

Kafin kafintocin layin su buɗe shagunansu, Baba Mai Dutse ya riga ya share gindin matakalar nan da ke tsakanin shagon mai fenti da na mai ƙusa. Wurin bai wuce a shimfiɗa tabarma ba. Nan yake kafa ɗan teburinsa, ya ɗaure dutsen wasa ƙarfe, ya cika gwangwani da ruwa, ya goge gilashin idonsa da bakin riga. A damansa akwai mamatsin ƙarfe da guduma. A ƙarƙashin tebur kuwa akwai wani tsohon bokitin fenti da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa.

Sana'arsa wasa haƙoran inji. Haƙora su ne ƙananan ƙarafunan da ake ɗaura wa bakin injin huda katako, da na injin nan da kafintoci ke kira rauta, mai fitar da ado a gefen ƙofa da tebur. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da rauta ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. In aka kunna shi, haƙorin yana juyawa har ido ya daina ganinsa, kafinta kuma yana sunkuye a kansa, fuskarsa daf da katakon. Ɗana na fari wannan aikin yake yi, shi ya sa abin ya dame ni har na ɗauki biro.

A da, haƙora sai manyan masu shago, saboda tsadarsu. Daga baya aka fara kawo na araha, saiti guda cikin akwatin roba mai ƙyalli, a jere manya da ƙanana kamar cokula. Baba Mai Dutse ya yi murna da zuwansu, domin ya ga waɗanda suka daɗe suna yi wa wasu aiki sun samu damar buɗe nasu wurin. Bai taɓa zagin araha ba. Abin da yake cewa shi ne, "A kowane akwati akwai na kirki, akwai ɗan iska. Tare aka zubo su. Ni aikina in raba su."

Ga yadda yake rabawa. Zai rataye haƙori da zare, ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa, ya kasa kunne. Sannan ya kai shi kusa da ido, ya bi wurin da aka manna kaifin a jikin ƙarfen. Wanda ya ga lafiyayye ne, zai wasa shi, ya shafa masa mai, ya mayar gurbinsa, ya ce maka ka yi ta aiki da shi har ka gaji. Wanda kuwa ya ji muryarsa ta dakushe, ko ya hango tsaga komai ƙanƙantarta, ba ya neman shawarar mai shi. Zai matse shi, ya sauke masa guduma sau ɗaya, ya jefa gutsattsarin cikin bokiti.

"Haba Baba! Wasawa na ce, ban ce fasawa ba!"

"Na ji ka sarai. Idonka nawa?"

"Biyu mana."

"To, koma gida da su. Da su matarka ta san ka."

Haka ake yi da shi kullum, wasu su yi dariya, wasu su tafi suna ƙunƙuni. Sababbin zuwa ba su san dalili ba, amma tsofaffin layin sun sani, domin dalilin yana nan zaune a ƙarshen layin yana sayar da shayi. Dogo ake kiransa, ba ya rabuwa da baƙin gilashi. Kafinta ne a da, hannunsa kuma ba na wasa ba ne. A lokacin Baba ba ya fasa komai, gargaɗi kawai yake yi. Ya ce wa Dogo wannan haƙorin tsagagge ne, Dogo ya ce aiki ɗaya tak zai yi da shi ya yar. Baba ya miƙa masa. Kafin ya gama aikin ɗayan, kaifin ya ɓalle ya tafi da idonsa na hagu. Tun ranar Baba ya ajiye guduma kusa da dutse.

Kai ne, Baba, wanda ya gwammace a zage shi da rana a gaban mutane, da a ɗauki ɗan wani a kai asibiti da tsumma a fuska. Guduma mai raba gardama! Shekara da shekaru kana shan baƙar magana a gindin matakala, ba ka taɓa ramawa ba.

Yanzu ga abin da ya ƙona mini rai.

Ɗana, wanda 'yan layin ke kira Ango saboda bai daɗe da aure ba, ya buɗe nasa shagon bara. Ranar da ya buɗe, abu ɗaya na roƙe shi: kada ya ɗaura wa injinsa wani ƙarfe sai tsohon nan ya duba. Ya ce ya ji. Kwanan baya ya samu babban aikinsa na farko, teburin ciniki da kantocin jera kaya na wani mai shagon magani, wanda ya nace sai an yi masa wani ado mai lanƙwasa a gefe. Ango ya je wurin Mai Akwati, wani ɗan kasuwa da ya buɗe shagon kayan aiki a layin, ya sayi saiti guda saboda babban haƙorin da ke cikinsa. Ya kawo wa Baba kamar yadda ya yi mini alkawari.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana yabawa. "Wannan kam ya yi. Wannan ma ba laifi. Ango, ka yi dace da akwatin nan." Da ya zo kan babban, ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa. Ya juya shi wajen haske. Kafin Ango ya buɗe baki, guduma ta sauka.

"Tsoho! Kai ka saya mini?"

"A'a, ɗana."

"Saboda shi na sayi akwatin gaba ɗaya! Yanzu da me zan yi wa mutumin aikinsa, da farce?"

Baba ya jawo wani tsohon haƙori nasa da ya daɗe yana aro wa mutane, ya miƙa masa. "Yi da wannan. Adon ba iri ɗaya ba ne, amma yana da kyau."

Ango ya ture hannun tsohon da ya girme ni, ni da na haife shi. Ya kwashi gutsattsarin ya nufi shagon Mai Akwati, suka dawo tare, mutane na biye da su.

Mai Akwati ya ce, "Jama'a, ku yi mana shari'a. Da yaron nan ya dawo mini da kayana lafiya, da na canza masa nan take. Yanzu me zan karɓa? Tsohon nan ya cuce shi, ya cuce ni."

Mutane suka ce gaskiya ne. Baba ya cire gilashinsa ya dube shi. "In ka canza masa, shi wannan tsagaggen ina za ka kai shi?"

Baba ya ci gaba da magana.

"Cikin wani akwatin za ka mayar, gobe wani ya saya. Shi wancan ba ɗan mutane ba ne?"

Wannan tambayar ce ba a yafe masa ba. Cikin 'yan kwanaki aka kira taron ƙungiyar layin a shagon mai fenti. Ashe dama Mai Akwati ya daɗe yana son gindin matakalar, ya kafa teburin baje kolinsa. Shugaban layin ya yi magana mai laushi, irin ta masu son su kori mutum ba tare da an ce sun kore shi ba. Ya ce ba wanda ya raina aikin Baba, amma kayan mutum kayansa ne. In zai yi alkawarin ajiye guduma, ya riƙa gargaɗi kawai, sai ya ci gaba da zama.

Baba ya ce, "Shugaba, in kun ce in daina wasawa, zan iya. Amma in ga tsaga da idona, sannan in miƙa wa mutum da hannuna, wannan na yi sau ɗaya. Ya ishe ni."

Sai Dogo ya miƙe. Ya cire baƙin gilashinsa, ya bi su da kallo. Wasu suka sunkuyar da kai. Can daga baya wani ya ce, "Ai wannan ƙaddara ce." Shi ke nan, aka samu abin fakewa. Aka ce wanda ya yarda tsoho ya tashi ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi. Dogo ne ya faɗa mini cewa har da hannun ɗana.

Ina tambayarku, ku da kuka ɗaga hannu: wace shaida kuke so ya kawo? Idon da bai fashe ba ba ya zuwa taro ya ce an cece ni. Kowannenku yana tafe da idanunsa biyu, yana ganin 'ya'yansa, yana zaton wayonsa ne. Shaidarsa ɗaya ce, bokitin nan. Ranar da zai tashi, sai da Dogo da mai ƙusa suka haɗa ƙarfi kafin suka ɗora shi a baro. Duk abin da ke ciki, fuskar wani ya nufa. Kuna tsaye a ƙofar shagunanku kuna kallo, ba wanda ya ce masa ko sannu. Kun ji kunya, wallahi kun ji kunya.

Bayan tafiyarsa, ni dai ban ƙara samun natsuwa ba. Matar Ango tana da tsohon ciki. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara da rana, sai in zabura in ɗauka.

Ango ya sake sayo wani babban haƙorin, domin mai shagon magani ya matsa masa. Ya ɗaura shi, ya gyara katako, ya ɗora yatsa a kan makunni. Daidai nan Dogo ya shigo da kofin shayinsa, ya ajiye a kan benci, ya tsaya.

"Kunna mana, Ango."

"Zan kunna. Me kake jira?"

"Ba komai. Ni ma haka na tsaya ranar, ƙafar dama a gaba. Kunna."

Dogo ya ce mini Ango ya daɗe a sunkuye, yatsa na kan makunni. Sannan ya miƙe, ya kwance haƙorin, ya naɗe shi a tsumma, ya ja ƙofar shago.

Ya samu Baba a ƙofar gidansa, ya kafa teburin a inuwar katanga, yana wasa wa maƙwabta almakashi. Ango ya durƙusa ya gaishe shi, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ango ne? Yaya mai ɗakin naka, ta kusa?"

"Ta kusa, Baba."

"Allah ya raba lafiya. Yau wasawa ko fasawa?"

"Duk wanda ka gani."

Tsohon ya rataye ƙarfen da zare, ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito tas. Ya duba shi ta kowane gefe, ya ɗan goga shi a dutse, ya shafa mai. "Wannan lafiyarsa ƙalau. Je ka yi aikinka, hankalinka kwance."

Ango bai tashi ba. Ya ce, "Baba, a gaban shagona akwai wuri kusa da taga. Ba na ƙungiya ba ne, nawa ne."

"Ka san fa da gudumata zan zo."

"Ita nake so."

Yanzu can yake zaune, bokitin na ƙarƙashin tebur. Abin haushin kuma, waɗanda suka ɗaga hannu sun fara lallaɓowa da akwatunansu a ƙarƙashin hammata, kamar masu zuwa wurin mai magani a ɓoye. Yana karɓa, yana dubawa, yana tambayarsu iyali. Har yau ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

To, ni zan faɗa. Ka yi haƙuri, Baba, kuma na gode. Kai ne ka sa kayan araha suka zama kayan aikin talaka, ba ajalin idonsa ba. Kai ne ka ɗauki 'ya'yan mutane kamar naka, har da wanda ya ture maka hannu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka jinka da ganinka.

Ku kuma matasan layin, kunnen tsohon nan ba zai dawwama ba. Wani a cikinku ya ja kujera ya zauna kusa da shi, ya koyi sauraron ƙarfe, ya koyi kuma jure zagi, don tare suke tafiya. Masu sayarwa, abin da aka dawo muku da shi tsagagge, ku fasa shi da kanku. Jikana yana hanya, ina so ubansa ya gan shi da ido biyu.