Sawun Taya a Hanyar Kariyar

Har gobe ban manta da ranar da aka shuka gero a kan hanyar kariyar ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san ta ba. Reshe ne da kamfaninmu ya tsaga daga hanyar Mayahi, ya ratsa gonaki ta wajen Atantane, ya dire a ramin da muke haƙar marmara, jar ƙasar da ake shimfiɗa wa hanya. Ramin nan shi ne kariyar. Lokacin da aiki ke ci, manyan motocin ɗaukar ƙasa, kamyo na shiga kamyo na fita, har mai tuwo sai da ta kafa rumfa. Da aka gama, aka kwashe injuna zuwa Tasawa, aka bar ni gadi, ni da ɗakin kwano da wani tsohon tanki da ko ɓarawo ba zai wahalar da kansa a kai ba.

Kaɗaici kam na sha shi. Sai in wuni ban ji muryar mutum ba, har na fara yi wa butata magana. Sauƙin da na samu, da damina ramin kan cika da ruwa, hanyar kuma ta zame wa makiyaya burtali. Ta nan Baffa Buba, wani dattijon Bafillace, yake shigo da shanunsa su sha ba su taɓa shukar kowa ba. Suna sha, shi yana zaune gefena yana zolayata, yana ce mini Gardi, wato mai gadi.

"Gardi, wai me kake gadi nan? Rami?"

"Baffa, ai ramin ne ke gadina."

Ga yadda muke da manoma. Ƙasar hanyar tasu ce, aro aka yi, da baki, gaban mai gari. Muddin motar kamfani ta taka ta kafin ruwan shuka, aka ga sawun taya, to aiki bai ƙare ba, ba mai sa mata sungumi. Shekarar da ba sawu, ƙasa ta koma ga masu ita. Shi ya sa kowace bazara direba kan kawo kamyo, ya kai bakin rami ya juyo, ko shebur ɗaya bai ɗauka ba.

Wata bazara aka yi mana sabon shef, wato mai kula da ma'aikata da motoci. Hadari ya fara haɗuwa, mota shiru. Na tafi Tasawa na same shi, na yi masa bayani.

Ya ce, "Kamyo ya tafi wayam ya dawo wayam? Da man gazuwal ɗin wa? Idi, kariyar nan an rufe ta."

Na ce, "Shef, akwai shanun da ba su da wata mashaya sai ita."

"Mu hanya muke yi, ba kiwo ba."

Ban ga laifinsa ƙwarai ba, amma wallahi raina ya ɓaci.

Ruwa ya sauka. Washegari Malam Sani, wanda gonarsa ke bakin reshen, ya zo da iyalinsa da sungumi a kafaɗa.

"Idi, ka ga sawu bana?"

"Ban gani ba."

"To ka yi haƙuri. Bakuna sun yi yawa a gida."

Gaskiyarsa ce. Ina tsaye suka shuke ta, maƙwabtansa suka ɗora har bakin rami.

Gero ya tsiro, rami ya cika, sai ga Baffa. Na hango shi can bakin titi ya gitta sanda gaban shanu, su kuwa sun ji ƙamshin ruwa suna ta kuka suna turo shi. Na taka na same shi. Ya daɗe yana duban shukar.

Ya ce, "Ƙafa ɗaya suka sa nan, Gardi, sai an zubar da jini. Ba zan zama sanadi ba."

Muka yi musabaha, ya kaɗa su arewa. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san inda suka sha ruwa ranar ba. Daminar nan ruwa ya cika maƙil ya ƙafe a gabana, ba saniyar da ta sa baki.

Mu a aikin nan mun iya buɗe hanya, da kiɗa da jawabi. Rufewa ce ba a koya mana ba. In aka ce ku rufe wata, don Allah ku fara tambaya wa ke bin ta bayan tafiyarmu.