Wanda Zai Gaji Maƙwabciyarmu

Ranar Asabar da safe na ji ƙarar guduma a layinmu na Abbey Wood, a birnin London. Da na ɗaga labule sai na ga wani saurayi yana kafa allon sayar da gida. Bai gai da kowa ba. Ya kafa, ya ɗauki hoto, ya shiga motarsa. Ƙarar nan ce ta mayar da ni Tottenham, gidan da aka haife ni, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwarara a Nijeriya.

Bari in kwatanta maka gidan. Hawa uku ne, da falo mai faɗi da lambu a baya. Mahaifina bai saye shi don alfahari ba, don baƙi ya saye shi. Ɗaliban da gwamnati ke turowa karatu, da yawansu a falonmu suke fara sauke akwati. In hunturu ya kama, tagogi su yi gumi, ƙamshin daddawa ya gauraya da warin kananzir ɗin hitar ɗumama ɗaki, jiƙaƙƙun kwat-kwat na rataye a bakin ƙofa. In zafi ya shigo kuwa, Kaka ta shuka alayyafo a gindin itacen tuffa.

Kaka mahaifiyar babana ce. Maganin ido ta zo, aka yi aiki ya yi kyau, ta zauna. Ba ta jin Turanci, amma babbar ƙawarta ita ce tsohuwar Baturiyar da muke haɗa bango da ita, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta kuma da mai leƙa ta. Kowace safiya tsohuwar takan buga bango da sandarta, alamar ta tashi lafiya, Kaka ta amsa da ludayi. Da rana a miƙa mata kwano ta saman shinge.

Sai aka kira mahaifina gida, aka ba shi babban matsayi a wata ma'aikata, aka kuma ce ba za a daɗe ana jiransa ba. Dole a sayar da gida cikin hanzari.

Dillalin da ya zo, siriri ne mai saurin magana. Ya ce a naɗe tabarmi, a ɓoye butoci, a shafe bango da farin fenti, a kuma daina girki mai ƙarfi, don ɗakuna su ƙara faɗi a idon mai kallo. Duk an yi masa. Sannan ya kawo sharaɗi na ƙarshe: ranar da masu saye za su zo, mu fita duka mu ba shi wuri, domin mai saye gidansa yake so ya hango, ba namu ba.

Da babana ya fassara, Kaka ta gyara mayafi.

“Baƙo ya yi sallama, masu gida su gudu? Sata muka yi?”

“Inna, haka tsarinsu yake.”

“To, su yi tsarinsu. Ni sai na ga wanda zan bar wa baiwar Allahn nan ta bayan bango.”

Ba ta fita ba, saboda haka mu ma ba mu fita ba. Mutum na farko ya shigo bai amsa gaisuwa ba, ya ƙi zama, ya shiga auna ɗakuna da takunsa. Nufinsa ya yayyanka gidan da katako ya zuba 'yan haya. Tayinsa ya yi kyau, a shirye yake kuma ya biya nan take. Da ya fita Kaka ta dube ni, da yake ni ne mijinta na wasa, ta ce, “Maigida, wannan ko bangon ya faɗi ba zai ji ba.”

Bayan kwanaki aka kawo wani direban bas ɗan Jamaika da matarsa, ma'aikaciyar asibiti, da yaransu. Kaka ta sa aka shimfiɗa tabarmar da aka ɓoye, ta kawo ƙosai da zafinsa. Suka ci, yaran suna hura baki saboda yaji. Daga nan ta kama hannun matar ta hau da ita sama, ta ja kabad gefe, ta nuna mata inda ruwa ke tsattsafowa a bayan sabon fenti. Fuskar dillali ta yi ja. Mahaifina ya gaya masa a natse cewa a wurinmu ba a sayar da abu a ɓoye aibinsa.

Suna saukowa sai aka ji tari mai tsawo ta cikin bango. Matar ta tsaya cak, ta tambaya wane ne a can, kuma wa yake duba shi. Kaka ba ta jira fassara ba. Ta ɗauko ludayi ta buga, sanda ta amsa, sannan ta danƙa wa matar ludayin.

Tayinsu bai kai na farko ba, kuma sai sun jira banki. Na ga yadda abin ya dami mahaifina. Ya yi kwanaki ba ya cinye abincinsa, yana tsoron kada a ba wani kujerar. Dillali ya ce masa tausayi ba ciniki ba ne. Daga ƙarshe mahaifina ya ba shi amsa: “Bangon nan ba nawa ne ni kaɗai ba. Akwai haƙƙin maƙwabci a jikinsa.” Ya tafi gida shi kaɗai ya kama aiki, ya bar mu da mahaifiyata muka ƙarasa hunturu a gida marar labule, har aka kammala ciniki da direban bas ɗin.

Da na girma na dawo London karatu, na je na ƙwanƙwasa ƙofar. Matar direban ta yi furfura, amma ta gane ni. Ta ce tsohuwar ta ƙara shekaru masu yawa, kuma a gadonta ta cika, ba a gidan gajiyayyu ba, hannunta cikin nata.

Na ƙare aikina a ofishin ƙaramar hukuma, ina adana fayilolin gidaje. Dubbai sun bi ta hannuna, kuma na san hujjar masu cewa kada mai sayarwa ya ga mai saye. Suna cewa hakan yana hana gardama, yana kuma kare irinmu, waɗanda aka sha rufe wa ƙofa saboda launin fata. Ban raina wannan hujja ba. Amma raina yana ɓaci in na ga an mayar da rashin sanin juna abin yabo. Ana ƙirga ɗakuna, ana auna lambu, ana duba bututu, babu mai tambayar wanda ke numfashi a bayan bango.

Yanzu 'ya'yana sun watse, wasu a Thamesmead, wasu a Kano. Gwiwoyina sun fara gardama da matakala. Ma'auratan da muke haɗa bango da su mutanen kirki ne, amma matasa ne, kuma matasa ba sa zama wuri ɗaya. Ran da za su tashi, abu guda zan roƙe su: su zauna a gida in mai saye ya zo, su dubi fuskarsa da kyau, su gaya masa akwai wani tsoho a can.