Jirgin da Inna Ba Ta Hau Ba

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, ina koyarwa a makarantar firamare a Tambuwal, ban daɗe da aure ba. Mahaifina ya riga ya rasu. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, tana gidanmu na gado a Kebbe tare da ƙanena, shi ke noma gonar gero da dawa da aka bar mana.

Wata ranar kasuwa aka aiko in je rumfar wani tela da bai jima da dawowa daga Makka ta ƙasa ba. Da muka gaisa ya ƙura mini ido, ya tambayi sunan kakana na wajen uwa da unguwarsu a Kebbe. Na faɗa masa. Ya ajiye almakashi.

"To, Malam, kai nika nema. Yayar mahaifiyarka tana nan da ranta."

Na san labarinta tun ina ƙarami. Ta bi mijinta gabas da ƙafa, da niyyar hajji, tun Inna tana budurwa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. An daɗe ana sa ta cikin addu'ar mamata. Alhaji ya ce a Sudan ya gan ta, wani ƙauyen Hausawa kusa da Madani inda ake noman auduga. Ya tsaya sayen waina, ya buɗe baki, sai mai tuyar ta saki cokali ta ce, "Kai mutumin ina ne?" Da ya ce Tambuwal, ta fashe da kuka a gaban jama'a. Guzuri ne ya ƙare musu a can, suka tsaya neman na gaba, 'ya'ya suka zo, mijin ya rasu. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya doguwar tafiya. Saƙonta ɗaya: in ƙanwarta na raye, a gaya mata.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na hau keke zuwa Kebbe. Na tarar da Inna tana sussuka a tsakar gida. Na durƙusa na gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta jingine taɓarya a hankali, ta goge hannu a zane, ta ce, "Ta yi jiki ko ta rame?"

Na ce ban tambaya ba.

"Kai kuwa mi kat tambaya?" Can ta ce, "Ka kai ni."

Inna ba ta taɓa wuce Tambuwal ba, ba ta kuma taɓa roƙona komai ba. Na ce in Allah Ya yarda.

Daga nan rumfar Alhaji ta zama makarantata ta biyu. Da an tashi yara sai in nufi can, yana taka keken ɗinki yana zayyana mini hanya. Babbar mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato, wata zuwa Gusau. A Gusau a shiga jirgin ƙasa, a sauka Zariya a canza wani zuwa Kano. Daga Kano safa har Yerwa. Sannan a tsallaka iyaka, a ratsa tsinin ƙasar Kamaru, a haye kogi zuwa Fallomi, babban birnin Cadi. Daga nan ne wahalar take, in ji shi: kwanaki a bayan mota cikin yashi, Abeshe, Jinaina, har a kai inda jirgin Sudan ya soma. Ya ce kada mu kuskura mu tashi da damina, motoci kafewa suke yi har sai ƙasa ta bushe. Kada kuma mu tafi mu kaɗai, mu jira ayarin maniyyata.

Duk ƙarshen mako na kan kai wa Inna abin da na samo. Ta haddace sunayen garuruwan nan kamar karatun allo, tana tankaɗe tana jero su. Idan na yi tsallake ta gyara mini. Jirgin ƙasa ne ya fi ɗaure mata kai.

"Shi wanga jirgi, in mutum na son alwala, tsayawa shika yi?"

Na ce ba ya tsayawa don mutum ɗaya, amma akwai ruwa a ciki.

"To in ya ɓace hanya fa?"

Na ce a kan ƙarfe yake tafiya, ba shi da inda zai kauce. Wannan ya kwanta mata. Ta ce da yayarta ta sami irinsa, da ta daɗe da komowa.

Muka je Sakkwato neman fasfo da allurar rigakafi. Ranar ta fara shiga mota. Ta yi amai kafin Shagari, ta kurkure baki, ta yi dariya ta ce aƙalla ta san abin da ke gabanta. Wurin mai hoto ta ƙi ɗaga kai, sai da na ce ba za a bar ta ta tsallaka iyaka ba sai an ga fuskarta. Ta ɗago, ta ɗaure fuska kamar mai shirin faɗa.

Da kaka ta yi, komai ya kammala. Na sami izinin hutu, ayari ya sa rana. Sai dai matata tana da tsohon ciki, na fari, kuma marainiya ce, ba ta da uwar da za ta zauna mata. Inna ce ta zo Tambuwal, ta dubi surukarta tana tashi da ƙyar, ta kira ni zaure.

"Wa za ya dafa mata ruwan wanka in mun tafi? A bari sai baɗi. Wadda ta jira tun ba a haife ka ba, ta iya jiran shekara guda."

Muka ba ayarin saƙo cewa muna nan tafe baɗi. Aka haifi 'yata, Inna ta yi wa uwar wankan jego har ta yi arba'in, ta koma Kebbe.

Shekara ta biyu shirinta ya fi na farko. Alhaji ya gaya mata can ba su da daddawa irin tamu, sai ta tara kalwa ta yi da hannunta. Ta daka kuka, ta busar da kuɓewa. Ta sa ƙanena ya ware mata gero daga gonar da ita da yayarta suka yi korar tsuntsaye suna yara. Ta ba masaƙi zare ya saƙa zane biyu iri ɗaya. Na ce mata kaya sun yi yawa, a jirgi auna su ake yi. Ta ce to a rage nata tufafin.

Tari ya kama ta wajen ƙarshen damina. Ta ce sanyin ruwa ne. Na kai mata magani daga ɗakin shan magani na Tambuwal, ya lafa, ya dawo. Da ranar tashi ta matso, ƙanena ya kawo ta a kan jaki, ya ce sau da yawa sai da suka tsaya ta huta a inuwa. Da na sauko da ita na ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Malamin asibiti ya zo ya sa abin awo a ƙirjinta, ya ja ni waje ya ce ko Gusau ba ya jin za ta kai.

Da safen tafiya ta sa aka ɗaura mata sabon zanen. Ta dafa bango ta miƙe, ta yi taku kaɗan zuwa ƙofar ɗaki, gwiwoyinta suka saki. Na tare ta. Daga tasha muna jin direba yana ta danna ƙaho.

"Je ka kai kaɗai," in ji ta. "Ka gano min ita."

Na ce, "Inna, ba inda za ni in bar ki haka."

Ba ta yi gardama ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta sa aka kira wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ke cikin ayarin, ta miƙa mata ƙunshin kayan da zane ɗaya.

"Ki ce mata ƙafa ce ta ɗan dame ni. Ki ce baɗi."

Na raka dattijuwar tasha da kayan a kaina. Na tsaya har motar ta fita gari, wurin zamanmu biyu wasu sun gyara ƙafafu a ciki.

Inna ta rasu kafin a gama shigar da dawa rumbu. A Tambuwal muka rufe ta, don ba ta ƙara samun ƙarfin komawa Kebbe ba.

Bayan watanni ayarin ya dawo. Dattijuwar, yanzu Hajiya, ta zo yi mini gaisuwa, ta zauna a tabarma tana ta juya carbi. Na tambaye ta ko sun ga yayar Inna. Ta ce sun gan ta. Tun da saƙonmu na farko ya isa, duk lokacin wucewar maniyyata takan sa jikanta ya kai ta tashar jirgi a kan amalanke, ta zauna tana duban matan da ke sauka. Da aka ba ta ƙunshin ta kwance, ta shinshina daddawar, ta rufe fuska da zanen ta daɗe ba ta buɗe ba. Sannan ta ce a gaya wa ƙanwarta cewa ta riga ta sa an yi mata ɗaki kusa da nata, an shafe shi, kada ta damu da shimfiɗa.

"Na faɗa mata yadda anka ce in faɗa," in ji Hajiya. "Na ce baɗi. Ban san..." Ta koma kan carbinta.

Da kaka ta sake zagayowa na je tasha ranar tashin ayari. Na sami wani manomi mutumin Fakku, mai natsuwa, na kwatanta masa ƙauyen da mai wainar, na roƙe shi ya kai mata labarin rasuwar Inna. Ya ce ya ji, amma yaya zai faɗa mata? Na ce ya bari ta zauna tukuna. Sannan ya gaya mata cewa ƙanwarta ta ɗaura zane, ta miƙe, ta kai har ƙofar ɗaki.

Mutumin bai dawo ta ƙasa ba, aka ce ya zauna a Makka. Shekarun da suka biyo mutane suka koma bin jirgin sama, ayarin mota ya yi ta raguwa har ya ƙare. Na tambayi duk wanda na ji ya bi ta Madani, ban sami wanda ya san ta ba. Har yau ban sani ba ko saƙon ya isa gare ta, ko kuwa ta ci gaba da zuwa tasha.