Za Ka Ƙara ko Za Ka Rage?

A ƙauyenmu na bayan Kuje, tun ba a san za a kawo babban birni wajen ba, da an ci tuwo sai mu kewaye murhun Kaka. Tana gasa doya tana ba mu tatsuniya, kuma ba ta zaɓen tatsuniya a banza.

Ina 'yar shekara tara na bar ƙofar shinge a buɗe, awakinmu suka cinye irin doyar Baba. Tsoron bulala ya sa na ce da idona na ga masu ɓarnar, shanun Jauro ne, Bafulatanin da matarsa ke kawo wa Kaka nono. Aka ce gobe mai gari zai zauna, ni ce shaida.

Da yammacin nan Kaka ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso." Wai Kurege ya kai ƙarar Bushiya ta sace gyaɗa. Alƙali Kunkuru kuwa ba ya yanke hukunci ranar da ya ji shaida. Sai ya bar mai shaida ya kwana, da safe ya maimaita masa maganarsa, ya ce, "Za ka ƙara ko za ka rage? Yau babu laifi, gobe akwai." Kurege ya sunkuyar da kai ya ce zai rage, aka sallami Bushiya.

Kaka ta miƙo mini doya mai zafi, ta ce, "Ke fa, Ladi, da ke ce Kurege?"

Na ce barci nake ji.

Washegari na maimaita ƙaryata tsaf. Mai gari ya ce Jauro ya tashi da rugarsa. Kaka ba ta ƙara tayar mini da zancen ba, sai dai ta daina shan nono har ta rasu.

Na girma na karanta lauya. Wata rana a ɗakin karatu na buɗe wani tsohon littafi kan yadda Faransawa ke shari'a a zamanin da, takardunsa har sun yi ja. A ciki na ga ana sake kiran mai shaida a karanta masa abin da ya faɗa, ya gyara ba tare da horo ba. In ya wuce nan, ƙofa ta rufe. Na daɗe zaune, kunya ta rufe ni. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta buɗe mini wannan ƙofar, har da doya a hannu, na ƙi shiga.

Na nemi zuriyar Jauro ban samu ba. Inda rugarsu take, yanzu kwalta ce. Kaka, zan rage. Sai dai babu wanda zan gaya wa.